Kamfanin gwanjon da muka kai wa kan sarkin Baba

Baba Allah ya jiƙansa ya fi shekara 40 yana tara kan sarki, albam 11 ya bari banda na cikin ambulan, bayan rasuwarsa muka yi cirko-cirko, Yaya na cewa a sayar a raba, autarmu na kuka wai ko ɗaya ba za a taɓa ba, kuma duk cikinmu ba wanda ya san darajarsu. Shi ne muka nemi wani kamfanin gwanjo da ke ƙiyasta irin kayan nan.

Mutumin da suka turo gaskiya ya san aikinsa. Da hantsaki yake ɗauka, bai yarda ya sa yatsa ba, yana juya bayan kowanne yana duba ko danƙonsa na nan, har ya yi mana faɗa da ya ga mun jibge albam ɗin a kwance ɗaya kan ɗaya, wai nauyi da laima ne ke manne su, a tsaye ake jera su. Akwai baƙin nan Penny Black na Ingila na 1840, kan sarki na farko a duniya, Baba na ji da shi sosai, mu har mun fara lissafin miliyoyi wallahi, sai mutumin ya ce an buga sama da miliyan 68, kuma namu almakashi ya ci gefe ɗaya. Jikin Yaya ya yi sanyi. Ni dai na ji daɗi da bai yi mana daɗin baki ba.

Inda suka ɓata min rai maganar kamisho ce, a waya kason kamishon kawai suka faɗa, da takarda ta zo sai ga kuɗin inshora ga na ɗaukar hoto, sannan sai da muka yi wata huɗu kafin kuɗin ya shigo, ka kira a ce a jira mai saye ya biya. In za ku ba su kaya ku sa su rubuta komai tukun.

Ɗan littafin da Baba ke rubuta inda ya samo kowanne da shekarar ya rage musu aiki ba kaɗan ba. Albam takwas aka sayar, biyu suka ce ba su kai a sa a gwanjo ba muka ba yaron maƙwabcinmu da ke zuwa kallo wajen Baba, na farkon da Baba ya fara tun yana makaranta kuma yana ɗakin auta.