Wane rezin za ka saya idan kana son sandar biro ta fito garau?

Yawancin masu zuba rezin (ruwan sinadarin da ke daskarewa ya zama roba mai tauri) don sassaƙa biro, da zarar sanda ta fito da hazo ko kumfa, sai su ɗora laifin a kan galan ɗin da suka saya. Sau da yawa kayan lafiyarsa ƙalau, bai dai dace da kayan aikin da ke shagon ba, ko da lokacin da aka zuba shi. A Kano lokaci na da tasiri sosai: abin da ya fito maka tas a watan Janairu zai iya ba ka kunya a Agusta.

Iri uku ne a gabanka: foliyesta, ifoksi da foliyuretan.

Foliyesta ya fi arha, kuma ya fi sauƙin samu, tunda da shi masu gyaran bampa ke aikin faiba. A nan tarkon yake. Wanda ake sayar musu na liƙe faiba ne, launinsa ya karkata zuwa ruwan zuma ko ja-ja, kuma ba zai taɓa fitowa garau ba komai iyawarka. Ka ce wa mai shago na zubi kake so, ka sa ya tsiyaya kaɗan a farin kofi ka gani da idonka. Hadinarsa, wato MEKP, ruwan da ke sa shi daskarewa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tsaya a kan kashi 1, don idan ta yi yawa sandar za ta ɗau zafi, ta tsage daga ciki ko ta yi rawaya. Kyawunsa shi ne yana da ruwa-ruwa, kumfa na tasowa da kanta ko babu tukunyar matsi (wadda ake cika da iska don matse kumfa), kuma yana ɗaukar ƙyalli sosai in an goge. Aibinsa wari mai hawa kai da gautsi: ƙarfen sassaƙa ya dakushe kaɗan, sai gefe ya ɓalle. Ba abin zubawa a cikin ɗaki ba ne, balle inda yara ke kwana.

Ifoksi ba shi da wannan warin, kuma yana kama itace da kyau, abin da ya sa ya dace da mai son haɗa guntun katako da rezin a sanda ɗaya. Sai dai akwai na shafe saman tebur, akwai na zubi mai zurfi. Na tebur kauri gare shi, yana riƙe kumfa. Na zubi ne naka. Yana ɗaukar kwana 1 zuwa 3 kafin a cire shi daga mazubi, kuma gara ya yi mako kafin a ɗora shi a injin sassaƙa, in ba haka ba zafin sanfefa ya tausasa shi ya dushe. Da damina laimar iska kan bar masa wani maiƙo fari-fari a sama. Da hunturu kuma sanyin asuba na ƙara masa kauri, sai ka jiƙa kwalbar a ruwan ɗumi, a rufe ruf, kafin ka haɗa. Ka kuma sani rana na sa shi rawaya a hankali. Wanda aka rubuta yana jure hasken rana ya fi jinkirin yin hakan, amma ba ya tsira gaba ɗaya.

Foliyuretan, irin Alumilite Clear da masu wannan sana'a a Amurka ke yawan amfani da shi, shi ya fi daɗin sassaƙa, ba ya ɓallewa da sauƙi. Amma ni ba zan ba kowa shawarar sayensa ba sai yana da tukunyar matsi da kwamfuresa. Wannan rezin da danshi kamar wuta da auduga suke: ɗigon ruwa ya taɓa shi, sai ya haifar da iskar da ke cika sandar da kumfa ko ta mai da ita fari fat. Lokacin aikinsa kuma gajere ne, minti 7 ga na yau da kullum, minti 12 ga Clear Slow, kuma zafin Kano na ƙara rage shi. Cikin wannan ɗan lokaci za ka auna ɗaya bisa ɗaya a sikeli, ka gauraya, ka zuba, ka rufe tukunya, ka kai matsi wajen 40 zuwa 50 a ma'aunin psi. Tukunyar ba fitar da kumfa take yi ba, matse ta take har ido ya kasa gani, saboda haka dole iskar ta zauna har rezin ya daskare. Cika kwamfuresa tun akwai wuta, kafin ka buɗe kwalba. Don Allah kuma kada a mai da tukunyar girki ko tsohuwar silindar gas abin matsi; a sayi wadda aka ƙera don haka, kada a wuce lambar da ke jikinta.

Ko wanne ka zaɓa, sayi ƙaramar kwalba tukuna, ka duba ranar da aka yi ta. Sayi sikeli mai lamba da ke auna giram, don awon ido ne ke kawo zane-zanen fari da tsakiya mai laushi. Launi kuwa hodar maika (garin ma'adini mai ƙyalli) ko kalar rezin za ka nema. Kalar girki da ruwan rini duk ruwa ne a ciki. Katakon da ka ɗauko daga 'Yan Katako a Na'ibawa, ko ya yi kama da busasshe, sake busar da shi kafin ya shiga mazubi. Da hunturu rufe mazubin da kwali saboda ƙura.

Kafin ka yanke wa kowane galan hukunci, ɗiga ruwa a kan sandar da ka sassaƙa. In hazon ya ɓace, ƙarzunan sanfefa ne, gugar ce ba ta kai ba. Ci gaba da jiƙaƙƙiyar sanfefa mataki-mataki, har lamba 12000 idan sanfefar ƙyalli ta Micro-Mesh ce. In bai ɓace ba, matsalar na ciki.

Mai farawa wanda ba shi da tukunya, ifoksin zubi ya fi masa, ko foliyesta na zubi idan yana da rumfa a waje da takunkumi mai tace tururin sinadari. Wanda ya riga ya samu masu saye, ya fara sayen tukunya, sannan foliyuretan, ya kuma tara yawancin zubinsa tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da iska ta bushe.