Darussan Iyo da Ceton Rai na Yara a Katsina: Abin da Na Gani a Dogon Hutu

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Katsina ya san cewa da zarar damina ta kankama, kududdufan da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini sukan cika su tumbatsa, kuma babu tsawar uba ko bulalar malami da ta taɓa hana yara zuwa wanka a cikinsu. Haka abin yake a bakin madatsun ruwa na Ajiwa da Zobe da Jibiya, da na Sabke ta wajen Daura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Wannan ne ya sa da na sami labarin wasu matasan malamai da ke koyar da iyo a kwamin wani otal da ke GRA, na sa ɗana mai shekara tara da ɗan yayana mai shekara goma sha biyar, na kuma riƙa zama a gefe ina kallon yadda ake tafiyar da darasin.

Abin da ya fara burge ni shi ne malaman ba su yi gaggawar koya wa yara salon iyo irin na gasa ba. Sun shafe kwanakin farko wajen saba wa yaro da ruwa: ya tsoma fuska, ya fitar da numfashi ta hanci a cikin ruwa, ya ɗago ya shaƙi iska ba tare da ya firgita ba. Daga nan suka koma kan kwanciya rigingine a saman ruwa, suka nace a kanta har wasu iyaye suka fara ƙorafin cewa kuɗinsu na tafiya ba su ga 'ya'yansu na tsallaka kwami ba. Ni ma na tambayi babban malamin dalili. Ya ce da ni, "Alhaji, yaron da ya faɗa ruwa ba shiri, tsoro ne ke fara cin sa kafin ruwa. In ya iya juyawa ya kwanta rigingine ya yi numfashi, ya sami lokacin da zai yi ihu a zo masa." Na gamsu da wannan amsa ƙwarai, domin ta yi daidai da tsarin da aka gwada a ƙauyukan Bangaladesh, inda ma'aunin cin jarabawar yaro shi ne ya yi iyon mita 25, ya tsaya a ruwa mai zurfi na daƙiƙa 30, ya kuma san yadda zai ceci wani daga kan tudu. Malaman nan ma a kan wannan ma'auni suke auna ɗalibansu, kuma ba sa ɗaga yaro zuwa ɓangaren zurfi sai ya cika shi.

Ajin matasa, wanda ake koyar da ceton rai a cikinsa, shi ne a ganina ya fi cancantar kuɗin da aka biya. A garinmu, idan ruwa ya ja yaro, abokinsa ne ke fara faɗawa don ya ceto shi, kuma sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, saboda wanda ke nutsewa yakan ƙanƙame duk abin da hannunsa ya kai gare shi da ƙarfin da ya wuce misali. Saboda haka doka ta farko da aka kafa wa matasan ita ce kada su shiga ruwan. Su yi kururuwa su tara manya, su kwanta rub da ciki a baki su miƙa sanda ko rawani ko zane, in kuwa da nisa su jefa igiya ko jarkar da babu komai a ciki an toshe bakinta. Na ji daɗin yadda aka yi amfani da jarka da gora irin ta masunta a wajen gwaji, domin su ne kayan da yaro zai iya samu a bakin kududdufi a Sabuwar Unguwa ko Ƙofar Sauri, inda babu wanda ya ajiye tayar ceto irin ta otal.

An kuma koya musu gane mai nutsewa, wanda ni kaina ban san kamanninsa ba sai a wurin. Yawanci ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yana kira, domin numfashin da zai yi magana da shi ma ba ya isar sa. Za a gan shi a tsaye cikin ruwa, kansa a karkace baya, bakinsa yana nutsewa yana fitowa, kuma cikin abin da bai kai minti ɗaya ba sai ya ɓace. Bayan wannan sai darasin farfaɗo da wanda aka tsamo, wanda suka yi a kan mutum-mutumin roba: a shimfiɗe shi a ƙasa mai tauri, a buɗe masa hanyar iska, a fara da hura masa numfashi tunda rashin iska ne ya kayar da shi, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a yi ta maimaitawa har taimako ya iso. Malamin ya ja kunnensu sosai a kan al'adar da muka gada ta danna ciki ko riƙe yaro ta ƙafa a zazzage shi wai don ruwa ya fita, ya bayyana cewa hakan na cinye mintocin da ƙwaƙwalwa ke buƙatar iska, yana kuma iya jawo amai ya koma huhu. Ya ƙara da cewa ko wanda aka ceto ya miƙe yana magana, wajibi ne a kai shi asibiti, saboda matsalar huhu kan iya bayyana bayan wasu sa'o'i. Da muka koma gida ɗan yayana ya ce da ni, "Baba, ashe abin da muke yi a unguwa ƙara wa mutum wahala muke yi." Tun daga ranar yake gwada wa ƙannensa abin da ya koya.

Ruwan kwamin yana da tsabta, ana ganin ƙasansa sarai, kuma na ga ana auna kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, da safe kafin yara su shiga. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san yadda tsargiya ke sa yara fitsarin jini bayan wanka a ruwan da ba ya gudu. Akwai mai ceto guda da ke tsaye da usur a wuya, ba ya koyarwa, ba ya riƙe waya, aikinsa kawai sa ido.

Sai dai akwai gyara. Ajin ƙanana yakan yi cunkoso a ranakun Asabar, har yara su wuce goma a hannun malami ɗaya, alhali masu koyon farko suna buƙatar a riƙe su ɗaya bayan ɗaya, don haka mafi yawan lokacin yakan tafi a jiran layi cikin sanyi. Bayin canza kaya ƙarami ne, daɓensa kuma yana da santsi, wanda haɗari ne a wurin da yara ke gudu da jiƙaƙƙun ƙafafu. Abin da ya fi damuna shi ne batun 'yan mata. An ware musu lokaci nasu tare da malama mace, an kuma amince da suturar da ta rufe jiki, amma sau ɗaya ne kawai a mako, kuma ganuwar wurin ba ta kare su daga tagogin ɗakunan sama ba, shi ya sa na dakatar da kawo 'yata har sai an sa labule ko an ƙara tsawon shingen. 'Yan mata su ne ke zuwa ɗiban ruwa da wanki a bakin rafi, su ne kuma ke goye da ƙannensu, saboda haka bai dace rabonsu ya zama mafi ƙanƙanta ba.

Kuɗin ma ya fi ƙarfin talaka, alhali 'ya'yansa da almajirai ne suka fi kusa da kududdufi. Na ba malaman shawarar su riƙa kai darasin ceto daga tudu da na danna ƙirji zuwa makarantun Islamiyya da tsangayu, tunda waɗannan ba sa buƙatar kwami, igiya da jarka da tabarma sun wadatar, kuma ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2021 don yaƙi da nutsewa, tana faɗowa a tsakiyar daminarmu. Sun karɓi shawarar da hannu biyu. Wanda ke da hali, ina ba shi shawarar ya sa yaransa daga shekara shida zuwa sama, ya zaɓi ranakun tsakiyar mako da babu cunkoso, ya tanadar musu tawul da kayan canji, kuma ya zauna a wurin da kansa har a tashi darasi.