Yamaha MODX6: injin sauti mai kyau, maɓallan da sai an saita su

Yamaha ta fitar da fiyanon lantarki MODX a 2018, ta ɗauko injin sautin babban yayansa Montage ta zuba shi cikin jikin roba mara nauyi. MODX6 maɓalli 61 gare shi, nauyinsa kilo 6.6, mutum ɗaya zai rungume shi zuwa wurin biki ko situdiyo. Amma wanda ya saba da fiyanon PSR ya san wannan tun kafin ya biya kuɗi: babu sifika a jikinsa, kuma babu kiɗan rakiya irin na PSR da ke bin hannun hagu da ganga da bas. Wannan na mai son ya gina sautinsa da kansa ne.

Inji biyu ne a ciki. AWM2 yana amfani da sautukan da aka naɗa daga kayan kiɗa na gaske, kimanin gigabait 5.67, yana fitar da murya 128 a lokaci guda. FM-X kuwa ƙirƙirar sauti yake yi da lissafi, zuriyar fiyanon DX7 ce ta 1983, sai dai shi Operator 8 gare shi (ƙananan masu haifar da sauti) da Algorithm 88 (hanyoyin haɗa su), muryoyinsa 64. Komai ana ajiye shi ne a Performance, wato haɗin sautuka, wanda ke ɗaukar Part 16, kowane Part sauti ɗaya ne, amma 8 kaɗai za ka buga da hannunka a tare. Kowane Part na AWM2 kuma yana iya ɗaukar Element 8, wato ƙananan sautukan da ake haɗawa su ba da shi.

A nan mutane ke fara cin karo da matsala. Lambar 128 ɗin nan ba yawan maɓallan da ka danna take ƙirgawa ba, Element ɗin da ke kara take ƙirgawa. Ka ɗora fiyano da goge da ƙaho, kowanne yana kunna Element uku a bugu ɗaya, ka danna maɓalli shida, ka riga ka cinye 54. Ka taka fedar riƙe sauti ka sake bugu biyu, sai ka ji farkon kiɗan ya yanke. Maganinsa shi ne ka shiga Edit na Part ɗin, ka buga, ka lura da Element ɗin da ke kunnuwa, ka kashe wanda ba ya ƙara komai idan sauran kayan kiɗa sun shigo. Ka rage Release na gogen, wato tsawon wutsiyar sautinsa, don shi ne ke riƙe muryoyi bayan ka ɗaga hannu. Sautin fiyano na CFX Concert ma Part huɗu yake ci shi kaɗai. Idan za a haɗa da wasu sautuka, CFX Stage mai Part ɗaya ya wadatar, kuma a cikin hayaniyar taro babu kunnen da zai bambanta su.

Maɓallan su ne raunin wannan fiyano, babu ɓoye-ɓoye. Ba su da nauyi, tafiyarsu gajera ce, kuma ba sa jin ƙarin dannawa bayan an buga. Shi ya sa sabon mai saye ke cewa fiyanon ciki ya yi sanyi ko ya yi tsawa, alhali saiti ne. Danna UTILITY, shiga Settings, sannan Sound, za ka ga Velocity Curve, saitin yadda sauti ke bin ƙarfin bugu. Mai taushin hannu ya zaɓi Soft 1, sautin zai buɗe ba sai ya daka ba. Mai nauyin hannu, wanda duk bugunsa ke kaiwa 127, iyakar ƙarfin bugu, ya koma Hard 1. Wannan saitin na fiyanon gaba ɗaya ne. Idan Part ɗaya ne ke ba ka wahala, bar shi, ka shiga Part Settings, General, ka ɗaga Velocity Offset daga 64 zuwa wajen 72. A shafin Sound ɗin nan kuma ake faɗa wa fiyanon irin fedar da aka jona, FC3A ko FC4A da FC5. Fedar wani kamfani tana iya yin aiki a juye, sauti ya riƙe sai an taka ya saki, don haka a nemi mai makunnin juya ta.

Raba maɓallai ba shi da wuya. A Note Limit na kowane Part ka taɓa lambar, ka kunna Keyboard a allo, ka danna maɓallin da kake so. Ka tuna Yamaha tana kiran C na tsakiya C3, maɓallan MODX6 kuma daga C1 zuwa C6 suke. Bas ya tsaya a B2, fiyano ya fara daga C3. Idan Part ya yi shiru, kafin ka zargi injin ka duba ko Kbd Ctrl ɗinsa, wanda ke haɗa Part da maɓallai, a kunne yake. Idan komai ya yi shiru bayan an dawo daga aiki da kwamfuta, Local Control, mai haɗa maɓallai da injin sautin ciki, ne aka bari a kashe.

Inda ya fi burge mu shi ne shigar da sautin da kamfani bai naɗa ba. Yana da gigabait 1 na ajiyar sautin mai shi, kuma ba ya gogewa idan an kashe. Ɗauki kalangu. A naɗi bugu huɗu daga hannun makaɗi, a gyara su a kwamfuta, a yanke shirun farko tas, domin MODX ba shi da wurin yankan sauti, kuma ɗan shirun nan shi ke sa kiɗa ya riƙa makara. A ajiye su WAV a filash. Buɗe Init Normal na AWM2, a Osc/Tune na kowane Element ka danna New Waveform ka ɗora bugu ɗaya, ka sa XA Control na dukkansu a Cycle. Yanzu duk dannawa bugu daban zai fito, ba sauti ɗaya yana maimaita kansa kamar injin ɗinki ba. Ƙara Release don kada wutsiyar sautin ta guntule. Sai ka faɗaɗa Pitch Bend, ƙaramar tayar lanƙwasa sauti, daga 2 zuwa 4 ko 5, ya zama babban yatsanka na yin abin da hammatar makaɗi ke yi wa tsarkiya. Ba zai maye gurbin mai kalangu ba, amma ya fi abin da ake samu a yawancin fiyano nesa ba kusa ba.

Super Knob, babban abin murɗawa da ke saman fiyanon, shi ma yana da amfani na gaske. Ka ɗora alama a kan abin da kake son juyawa, misali Volume na goge, ka danna CONTROL ASSIGN, ka murɗa shi, shi ke nan. Idan ka jona fedar FC7 a Foot Controller 2, ƙafa ce za ta yi murɗawar, hannu biyu na kan kiɗa.

Sauya sauti ba tare da yankewa ba yana aiki ne kawai idan Performance bai wuce Part huɗu ba, don haka a tsara Live Set, wato jerin sautukan da za a yi aiki da su a taro, da wannan a zuciya. Mafitar sauti biyu ce kacal, hagu da dama, ba za a iya tura ganga ita kaɗai zuwa miksa ba. Wuta ta adafta ce, kuma duk gyaran da ba a danna STORE ba ya tafi idan aka ɗauke wuta. Abin da ya fi ciwo: loda fayil ɗin User na wani, mai ƙarshen X8U, yana share naka baki ɗaya. A fara ajiye Backup a filash, ko a karɓi sautin a matsayin Library.

MODX+ na 2022 ya ɗaga muryoyin FM-X zuwa 128, ajiya zuwa gigabait 1.75. Wanda ya samu tsohon na hannu da sauƙin kuɗi ya saya, sai dai ya gwada maɓallan ɗaya bayan ɗaya da kowace kusurwar allon, ya kuma tabbata an sabunta shi aƙalla zuwa 2.0, inda aka ƙara wurin naɗar Pattern, wato gajeren kiɗa mai maimaituwa.