Kariyar Saman Mota: Ƙarfen Ya Yi Kyau, Notinan Ne Suka Ba Ni Wahala

Watanni bakwai ke nan da na ɗaura wa motata kariya, irin wadda ake sa sanduna biyu a gicciye a kan rufi, kuma na ga ya kamata in rubuta abin da na gani, domin duk wanda ya tambaye ni game da ita farashi da kyan gani yake tambaya, babu mai tambayar notinan da ke riƙe da ita. Motar 'yar Kwatano ce, ta haura shekara 15, kuma tun da iyali suka ƙaru but ɗinta ya daina ɗaukar kayanmu idan za mu tafi Katsina daga Kano lokacin salla.

Sandunan na alminiyam ne, masu siffar ƙwai, kuma sun zo da ƙafafu huɗu, da noti huɗu masu kaurin milimita 6, da washa na roba, da ɗan ƙarfen nan mai kusurwa shida da makanikai ke kira alanki. Motata tana cikin waɗanda aka yi musu ramukan ɗaura kariya tun daga masana'anta, a ɓoye a ƙarƙashin wasu ƙananan murafu da ke gefen rufi, don haka ban buƙaci irin ƙafafun da ke kama bakin ƙofa ba. Takardar bayanin da ta biyo kayan hotuna ne kawai, ta nuna inda kowace ƙafa za ta zauna, amma ba ta ce uffan ba a kan tsabtace ramukan kafin a sa noti, kuma a ganina wannan ne babban giɓin da ke cikinta.

Da na ɗaga murafun sai na tarar ƙurar hunturu ta shekaru ta haɗu da ruwan damina ta daskare a ciki, ga kuma tsatsa a haƙoran ramin. Na hura, na goge da tsumma, na ɗauka hakan ya wadatar. Noti uku sun shiga da ɗan tauri. Na huɗun, wanda ke baya ta ɓangaren direba, ya yi zagaye biyu ko uku sannan ya cije, ni kuwa maimakon in mayar da shi baya in duba, sai na zura wa alankin guntun bututu domin in ƙara ƙarfi. Nan take kan notin ya guntule a hannuna, sauran jikinsa ya maƙale a cikin rufin, ya ɗan nutse ƙasa da bakin ramin yadda filaya ba za ta kama shi ba. Kuskuren ƙara bututu nawa ne, ba na musun haka. Sai dai da na duba sauran ukun, babu wanda aka buga wa lambar ƙarfi a kansa. Noti mai inganci yakan ɗauki lamba irin 8.8 ko 10.9, kuma lambar da ke zuwa kafin ɗigon ita ke nuna nauyin da ƙarfen zai jure kafin ya tsinke, ta yadda mai 8.8 ya ninka mai 4.8 ƙarfi sau biyu. Bai dace a sayar da abin da zai riƙe kaya a saman mota mai gudu a babban titi da notin da ba a san matsayinsa ba.

Mutum na farko da na nuna wa ya ba da shawarar a liƙa wani noti a kan guntun da walda sannan a murɗo shi. Dabara ce da ke aiki a jikin inji, amma na ƙi yarda a yi ta a rufi, domin fenti zai ƙone, kuma ƙarƙashin wannan siririn ƙarfen akwai yadin silin da wayoyin lantarki, a wasu motocin ma har da balan-balan ɗin kariya na gefe. Sai na kai ta wurin wani dattijon makanike da ya daɗe yana duba mini ita. Ya leƙa ramin, ya ce: "Malam, wannan aikin haƙuri yake so, ka bar mini ita zuwa gobe." Ya ɗiga wa guntun man sassauta tsatsa ya bar shi ya kwana. Washegari ya rufe kewayen wurin da tef saboda fenti, ya dosa ƙarfe mai tsini daidai tsakiyar guntun ya yi alama, sannan ya huda shi a hankali da siririn bakin huda mai juyawa hagu. Hikimar ita ce yayin da bakin ke cin ƙarfe yana kuma tura guntun zuwa ɓangaren kwancewa. Ya naɗa tef a jikin bakin hudar domin ya san zurfin da zai tsaya, tun da in ya zarce zai fasa ƙasan ramin, ruwan sama ya riƙa sauka cikin mota. Bai kai rabi ba guntun ya motsa ya biyo bakin ya fito. Ya bayyana mini cewa bai so ya fara da ƙarfen zaro noti ba, domin yana da tauri amma saurin karyewa gare shi, kuma idan ya karye a ciki babu bakin huda na yau da kullum da zai iya cin sa.

Daga nan ya bi ramukan huɗu da ƙarfen gyaran haƙori mai lamba M6, wato na noti mai kaurin milimita 6, yana shiga kaɗan yana dawowa baya, kuma dattin da ya fito daga cikinsu ya ba ni mamaki. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo noti huɗu masu lamba 8.8, tsawonsu daidai da na asali, domin wanda ya fi tsawo zai tokari ƙasan rami ya yi kamar ya ɗauru alhali ƙafar tana lilo. Ya shafa musu giris kaɗan, ya fara murɗa kowanne da yatsu har ya zauna, sannan ya kammala da alanki ba tare da ƙari ba. Ya ja hankalina cewa notin da aka shafa wa giris yana matsewa fiye da busasshe da ƙarfin hannu iri ɗaya, saboda haka sai a rage ƙarfi.

Tun daga ranar kariyar ba ta ba ni matsala ba. Littafin motata ya ƙayyade kilo 75 a kan rufi, kuma nauyin sandunan yana cikin lissafin, don haka katifa da jakunkunan tufafi nake ɗorawa, buhunan hatsi kuma su zauna a but. A tafiyar farko na tsaya a Bichi na duba notinan, na tarar ɗaya yana buƙatar ɗan ƙarin matsi, a dawowa kuwa babu wanda ya motsa. Damina ta wuce ba tare da ɗigon ruwa a silin ba. Akwai ɗan fito da ke tashi idan gudu ya kai kamar kilomita 90 a awa, wanda ya ragu sosai bayan na sa robar da ke toshe tsagin saman sandunan, kuma na lura motar tana ƙara shan mai idan akwai kaya a sama.

Zan iya ba da shawarar wannan kariya ga mai mota irin tawa, da sharaɗin ya ajiye notinan da suka zo da ita ya sayi masu lamba, ya kuma sa a gyara masa haƙoran ramukan kafin a ɗaura komai. Ni dai yanzu ina kwance ta idan ba tafiya zan yi ba, in ɗiga giris a kowane rami, in mayar da murafun, sandunan kuma in jingine su a ɗakin ajiya har salla mai zuwa.