Waɗanne Littattafai Ya Kamata a Fara Saya wa Ɗakin Karatun Makaranta?

A yawancin makarantunmu na Katsina, kuɗin sayen littattafan ɗakin karatu ba ya zuwa kullum, kuma idan ya zo, ko daga ƙungiyar iyaye da malamai ko daga tsofaffin ɗalibai, ba ya taɓa isar buƙata. Saboda haka wanda aka damƙa wa wannan amana, shugaban makaranta ne ko malamin da ke kula da laburare, dole ne ya zaɓi wani abu ya bar wani. Shawarar da zan bayar ita ce a fara da littafin da yaro zai iya ɗauka shi kaɗai ya karanta har ƙarshe ba tare da an tsaya a kansa ba, domin na ga kantoci cike da manyan littattafai masu kyan bango waɗanda ƙurar hunturu kaɗai ke taɓa su.

Zaɓi na farko, wanda kuma na fi ba ƙarfi, shi ne tsofaffin littattafan Hausa na Zariya, waɗanda kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, ya ci gaba da bugawa tun bayan kafa shi a 1966. Mu mutanen Katsina muna da hannu dumu-dumu a cikinsu. Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da aka shirya a 1933, kuma Ganɗoki na yayansa ne, Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina. Amma kasancewarsu tsofaffi masu daraja ba ya nufin duka sun dace da kowane aji. Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littafi uku a ƙarshen shekarun 1930, shi ya fi dacewa da ’yan aji biyar da shida na firamare da ’yan ƙaramar sakandare, saboda aku yana ba da labaran ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne gajere, ta yadda yaro zai gama guda a lokacin tara, ya koma aji yana ɗokin na gaba. Ruwan Bagaja ma yana tafiya da sauri, kuma ramuwar gayya tsakanin taurarin labarin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, tana riƙe yaro. Ganɗoki kuwa Hausarsa ta fi nauyi, cike take da kirari da kalmomin yaƙi na da, don haka gara a ajiye shi ga manyan ɗalibai, tare da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ke magana kan bauta da rabuwar ɗa da uwa, abin da ke buƙatar hankalin da ya fara nuna. Ga ƙananan yara ’yan aji ɗaya zuwa uku, jerin Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, da kuma Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, har yanzu suna aiki.

A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido sosai, domin ana yi wa waɗannan littattafai bugun jabu. Na taɓa karɓar kwali guda daga wani mai talla saboda araha, kafin zangon karatu ya ƙare shafuka sun fara zubewa, wasu kuma tun farko a dushe suke kamar an wanke su. Kafin a biya kuɗi, a buɗe littafin a tsakiya a duba ko ɗinki aka yi masa ko gam kawai aka shafa, a ɗaga shafi a haske a ga ko rubutun baya yana ratsowa, sannan a ƙirga lambobin shafuka a ƙalla a kwafi biyu ko uku. Littafin da hannu ɗari za su taɓa ba irin wanda mutum zai saya don kansa ba ne, kuma arahar da za ta sa a sake saye baɗi ba araha ba ce.

Zaɓi na biyu shi ne ƙagaggun labarai na zamani, waɗanda aka fi sani da adabin kasuwar Kano. Malamai da yawa suna rufe musu ƙofa gaba ɗaya, ni kuwa ban goyi bayan haka ba, domin waɗannan littattafai ne suka sa dubban ’yan mata da matan aure suka riƙe karatun Hausa, kuma a cikinsu akwai masu magana kan karatun ’ya mace da auren dole da zaman gida cikin mutunci. Sharaɗi biyu nake gindayawa. Na farko, kada littafi ya hau kanta sai wani malami ko malama ya karanta shi daga farko har ƙarshe, saboda bango da suna ba sa nuna abin da ke ciki, kuma iyaye sun ba mu amanar ’ya’yansu ne. Na biyu shi ne ƙa’idojin rubutu. Littafin da bai bambanta “kafa” da “ƙafa” ba, ko yake haɗe kalmomin da ya kamata a raba, yana rushe abin da malamin Hausa ya gina a aji, kuma ɗalibin zai kwashi kuskuren ya kai shi ɗakin jarrabawa. Wanda yake son labaran matasa da aka tace da kyau yana iya farawa da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, ko Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, ga ’yan babbar sakandare.

Littattafan Turanci wajibi ne, tunda da shi ake rubuta yawancin jarrabawa, sai dai akwai bambanci tsakanin waɗanda aka rubuta a Nijeriya da na gwanjo da ake kawowa daga Ingila ko Amurka. Na gwanjo suna da takarda mai kyau da hotuna masu launi, kuma waɗanda ke bayani kan dabbobi da taurari da jikin ɗan Adam suna da amfani ƙwarai. Labaransu ne ke ba yaro wahala, domin yana kokawa da harshe da kuma baƙuwar rayuwa a lokaci guda. Yaron Daura ko Mashi zai fi saurin shiga The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda labarinsa a ƙasar Arewa yake, ko Chike and the River na Chinua Achebe, wanda jimlolinsa gajeru ne.

Littattafan da WAEC da NECO suka sanya a manhaja kuwa ana sauya su daga lokaci zuwa lokaci, saboda haka a nemi jerin da ake kai yanzu daga malamin darasin kafin a saya, kuma su kaɗai ne suka cancanci a tara kwafi da yawa na abu ɗaya. A sauran, kwafi uku-uku na littafi ashirin sun fi kwafi sittin na littafi guda, domin yaron da ya gama wannan yana buƙatar ya tarar da wani yana jiransa.

Idan ni aka ba kuɗin, rabinsa zai tafi ga littattafan Hausa, mafi yawa na ƙananan azuzuwa, saboda yaron da ya saba karatu da harshen da yake tunani da shi ba ya shan wahala sosai idan ya koma Turanci. Kashi ɗaya cikin uku zai tafi ga Turanci, sauran kuma ga ƙamus biyu ko uku da littafin taswira da wani abu kan tarihin ƙasarmu, domin abin kunya ne ɗalibi ya riƙa wuce Hasumiyar Gobarau ko rijiyar Kusugu kullum bai taɓa karanta shafi ɗaya a kansu ba. Zan kuma cire wani abu kaɗan tun farko don leda ta rufe bango, da rajistar aro, da kanta mai ƙafa wadda ta ɗaga daga ƙasa kuma ba ta jingina da bango ba, saboda gara da danshin damina.