Yadda na tsallaka teku zuwa tsibirin Man

Yaya, na ji saƙon muryarki, kuma na san tun da na ce miki zan shiga jirgin ruwa hankalinki bai kwanta ba. Ga ni na je na dawo lafiya, alhamdulillahi. Bari in ba ki labarin dalla-dalla, tunda kin ce idan kin zo sai na kai ki.

Tsibirin Man yana tsakiyar tekun da ya raba Ingila da Ailan, kuma tekun nan ya yi suna wajen tashin igiya, musamman da hunturu. Ta ruwa, hanya biyu ce daga nan Ingila. Akwai jirgi mai gudu da ke tashi daga Liverpool, awa 2 da minti 45 ya kai ki Douglas, babban birnin tsibirin, amma da hunturu ba ya aiki. Akwai kuma babban jirgi daga Heysham, wata tashar jiragen ruwa da ke arewa da Liverpool, mai ɗaukar har da manyan motocin kaya, shi kusan awa 3 da minti 45 yake yi. Na tafi a mai gudun, na dawo a babban, don haka na ɗanɗana duka biyun.

Kafin tafiyar kwana uku na yi ina fargaba. Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne a nan ba a ɓoye wa fasinja halin da teku yake ciki. Hukumar yanayi ta Birtaniya tana fitar da hasashe na musamman don masu shiga teku, ana karanta shi a rediyon BBC, yana kuma intanet. Ƙarfin iska suna auna shi daga 0 zuwa 12, daga 8 ne ake kiranta guguwa. Ranar tafiyata an ce 5 zuwa 6. Idan abin ya yi ƙamari soke tafiyar ake yi, a sanar da ke, kuma doka ta ce idan an soke ko an yi jinkirin da ya wuce minti 90, kina da zaɓi: a mayar miki da kuɗinki ko a sa ki a wani jirgin.

A mai gudun na sha wuya, ba zan ɓoye miki ba. Muna barin bakin kogin Mersey na Liverpool jirgin ya fara ɗagawa yana dira, kofin da ke kan tebur ya zame har gefe. Ni kuma na yi kuskuren sunkuyar da kai ina duba waya. Cikin minti goma gumi mai sanyi ya keto min, yawu ya cika min baki. Wata ma'aikaciya ta hango ni, ta miƙo min jakar amai ba tare da na roƙa ba, ta ce in ajiye wayar in kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Dalilin kuwa shi ne a cikin kunne akwai abin da ke jin motsin jiki. Idan shi yana cewa ana tangal-tangal, ido kuma yana kallon abin da ke tsaye cik, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Da na bi maganarta abin ya lafa, ko da yake bai sake ni gaba ɗaya ba sai da muka sauka.

Wajen dawowa na shirya. A kantin magani aka nuna min iri biyu, duka ba sai da takardar likita ba: Stugeron, da ake sha awa 2 kafin tashi, da Kwells, da ake sha kamar rabin awa kafin. Suna iya sa barci, kuma ke da kike shan maganin hawan jini dole mu faɗa wa mai kantin kafin ki sha komai. Na ci abinci kaɗan mara maiƙo, na nemi kujera a tsakiyar jirgi, don gaba da baya ne suka fi lilo. Iskar ranar ba ta fi ta zuwa sauƙi ba, amma babban jirgin nauyinsa ya danne igiyar, ga kuma wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage masa karkata. A ganina awa ɗayan da ya ƙara ba asara ba ce ko kaɗan.

Abin da na san ya fi damunki shi ne kifewa. Kafin a tashi sai da aka sanar da inda rigunan ceto suke da inda za a taru in wani abu ya faru, kuma kowane fasinja da sunansa a rubuce, ba a ɗaukar fiye da adadin da aka yarje wa jirgin. In Allah Ya kawo ki, ta Heysham za mu bi, da rani, amma ba ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni ba, lokacin tseren babura na TT, don a makonnin nan samun kujera sai wanda ya yi rajista tun da wuri. Ki gaida yara.