Maganar tsofaffin gida da maganar gidan likita: wacce mai ɗan fari za ta bi?

Wata ƙanwarmu a nan Tawa ta kawo tambayar da na tabbata ba ita kaɗai take kwana tana tashi da ita ba. Ɗanta na fari yana da wata huɗu, maigidanta ya tafi bida Abijan tun bayan suna, ita kuma tana zaune a hannun uwar mijinta. Da zafi ya kankama, tsohuwa ta ce lokaci ya yi da za a fara ba yaro ruwa da bauri, a kuma kira wanzami ya duba masa beli, alhali a wurin awo an ja mata kunne cewa nono kaɗai za ta ba shi har ya cika wata shida. Ta roƙi a kwatanta mata ɓangarorin biyu, domin ba ta son ta saɓa wa wadda take matsayin uwa gare ta, ba ta kuma son ta cutar da ɗanta.

Ƙanwata, na yi goyo biyar, uku daga ciki a gidan surukai, saboda haka na san nauyin abin da kike faɗa. Abin da shekaru suka nuna mini shi ne waɗannan ɓangarori biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma yawancin rigimar tana tasowa ne idan aka nemi ɗaya ya yi aikin ɗayan.

Bari in fara da abin da gida yake bayarwa, tunda shi ne matan zamani suka fi saurin rainawa. Daga ranar da kika sauka har kika yi arba'in, wa ya ɗora miki ruwan wanka tun da asuba, wa ya dama miki kunu, wa ya karɓi jariri ya goya shi domin ki samu ki runtsa? Babu ma'aikaciyar lafiyar da za ta yi miki wannan, kome kirkinta, domin layin da ke gabanta ranar awo ya fi ƙarfin ta ba kowace uwa fiye da ƴan mintoci. Tsohuwa ce take ganin ɗanki safe da yamma. Ita ce za ta lura cewa kukansa na yau ba irin na jiya ba ne, ita ce za ta nuna miki yadda ake tallafe kan jariri wurin wanka da yadda ake ɗaura zanen goyo ba tare da an matse masa ciki ba. A al'adarmu ma, inda mai ɗan fari take jin kunyar ɗanta a gaban manya har ba ta kiran sunansa, kaka ce take yi masa wasa da tawai a fili, kuma yaro yana buƙatar wannan magana da wannan dariya kamar yadda yake buƙatar abinci. Ga maƙwabta da ƙawayen biki, waɗanda suke kawo sabulu da turmin zane da ɗan abin da ya sawwaƙa ranar suna. Ga asusun mata na unguwa, irin tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991, wanda mata da yawa suke cin bashin jika biyu ko uku daga gare shi ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi kuma kuɗin maigida bai iso ba. Mace mai jego da ba ta da waɗannan hannuwa takan gaji, ta rame, ranta ya ɓaci, kuma ɗanta ne farkon wanda yake ji a jikinsa.

Gidan likita kuwa ba ya kwana da ke, amma yana da abin da idon tsohuwa ba ya iya gani. Yana da ma'auni da karnen awo, wato ɗan littafin lafiyar yaro, inda layin nauyin yaro yake nuna raguwa tun makonni kafin kowa a gida ya ce ya rame. Yana da gwajin ɗigon jini da yake bambanta zazzaɓin cizon sauro da wani zazzaɓin cikin minti goma sha biyar ko ashirin. Yana da allurar rigakafi a kan lokacinta: ta tarin fuka da ɗigon shan inna a lokacin haihuwa, sai a mako na 6 da na 10 da na 14, sai ta ƙyanda da ta ciwon shawara a wata na 9, sannan a koma domin ta biyu ta ƙyanda a cikin shekara ta biyu. Idan damina ta sauka, ma'aikata suna bi gida gida kowane wata da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, kuma maganin na kwana uku ne a jere, kwana biyu na ƙarshe a hannun uwa suke. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar ya zama kyauta. Gaskiya ne wani lokaci za ki tarar magani ya ƙare, a rubuta miki takarda ki je farmasi da kuɗinki, kuma gaskiya ne akwai ranar da za a amsa miki da faɗa bayan kin yi sa'o'i a rana. Duk na gamu da wannan, kuma bai hana ni komawa ba.

Yanzu sai batun ruwa, wanda shi ne ainihin damuwarki, kuma a nan zan tsaya in daɗe. Uwar mijinki ba mugunta take nufi ba. Ta ga zafin Afrilu da Mayu a Adar, lokacin da ma'aunin zafi yake haura 40, ta ga babba ma ba ya awa guda bai nemi randa ba, sai tausayi ya ce mata hana jariri ruwa zalunci ne. Tunaninta yana da tushe, amma akwai abin da ba a taɓa bayyana mata ba: fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma wanda yake fara zubowa idan yaro ya kama ya fi tsinkewa, shi ne yake kashe ƙishirwa kafin mai kauri ya biyo baya. Cikin jariri ƙarami ne ƙwarai. Duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, yaro ya rage tsotso, nono kuma da tsotso yake ƙaruwa, saboda haka sai ya fara ja baya, a ce uwa ba ta da nono, a ƙara ruwa da kunu, abu ya yi ta lalacewa. Ga kuma tsabtar ruwan kanta, tunda ruwan da hanjin babba ya saba da shi, na rijiya ne ko na ƴan garuwa ko na randar da kowa yake sa moɗa, yana iya jawo wa ɗan wata huɗu zawon da zai zube shi cikin kwana biyu. Bauri ma haka yake, da ƙarin cewa babu wanda ya san ƙarfin sassaƙen da aka jiƙa. A wannan gaɓa ina tare da wurin awo ba tare da wata shakka ba. Ruwan da tsohuwa take son a ba yaro, ke za ki sha shi, ki ƙara da fura da kunu, ki riƙa sa shi a nono duk lokacin da ya nema, dare da rana. Idan yana jiƙa tsumma sau shida ko fiye a yini da kwana, fitsarin kuma ba ja ba ne, to ba ya jin ƙishirwa, kuma wannan alama ce da za ki iya nuna wa uwar mijinki ta gani da idonta.

Haka nake cewa game da aska. Beli halitta ne da kowa yake da shi, ba shi ne yake sa amai ko rama ba, kuma yanke shi yana iya jawo zubar jini, ko ciwon da zai hana yaro kama nono, ko shigar cuta ta hanyar ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi. Wanzami yana da mutuncinsa da aikinsa na askin suna, amma kada a kai ga maƙogwaron jariri. Zuma ma a dakata da ita har yaro ya shekara.

Akwai wuraren da ɓangarorin biyu suka fi kusa fiye da yadda ake zato. Tsofaffi suna son a shayar shekara biyu, addini ya ambaci shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara, likita ma haka yake cewa. Tsofaffi suna ƙyamar rurrutsa, wato samun ciki tun ba a yaye na goye ba, likita yana ba da hanyar tazarar haihuwa saboda wannan dalilin. Inda suka rabu shi ne yadda ake yaye. A gida, da zarar an ga alamar ciki sai a ce nono ya ɓaci, a ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka a wani gari, ya rasa nono da uwa a lokaci guda. Yara da yawa daga nan tamowa take kama su. Nonon mai ciki ba guba ba ne, kuma janyewa sannu a hankali, bayan yaro ya saba da abinci, ita ta fi. Idan ɗanki ya cika wata shida, a nan ne hannun tsohuwa zai yi miki rana, domin ta fi ki iya dama kunu. Abin da za ki roƙa kawai shi ne ya yi kauri, a sa masa garin ƙuli-ƙuli ko na wake, da ɗan mai, da garin zogale, kuma a bar maganar nan ta cewa ƙwai yana sa yaro sata. Wankan jego da ruwa mai ɗumi yana warware jiki, ban ce a bari ba, amma ruwan da yake ƙona fata da kunun da aka cika wa kanwa likitoci sun daɗe suna danganta su da kumburi da ciwon zuciya bayan haihuwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a shawarar gida shi ne jinkiri, kuma na ɗanɗana shi. Ɗiyata ta biyu tana da wata takwas ta fara zawo, kowa a gidan ya ce haƙora ne, ni ma na yarda, domin maganar tana kwantar da hankali. Muka yi kwana uku muna jiƙe-jiƙe. A rana ta huɗu maɗigarta ta faɗa, idanunta suka zurma, aka ce a shafa mata magani a ka. Wata maƙwabciya ce, Allah ya saka mata da alheri, ta ɗauki mayafinta ta ce mu tafi likita yanzu. A can aka gaya mini faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwan jiki, aka ɗaura mata ƙarin ruwa, muka kwana biyu. Tun daga ranar ban sake rabuwa da ƙunshin gishirin zawo a ɗaki ba: ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo, tare da ƙwayar zinc ta kwana goma zuwa sha huɗu, nono kuma ba a tsayar da shi. Ki lura cewa wadda ta cece mu a ranar mutuniyar unguwa ce, ba ma'aikaciya ba, amma abin da ta yi shi ne ta kai mu inda maganin yake.

Saboda haka akwai alamomin da ba a zama shawara a kansu, ko da tsakar dare ne: yaro ya kasa kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa yana sauri haƙarƙarinsa yana shiga ciki, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko jikin jaririn da bai kai wata biyu ba ya yi zafi. Ki je gidan likita mafi kusa, idan abin ya fi ƙarfinsu su za su tura ki babban asibiti ko cibiyar kula da uwa da yaro ta nan Tawa. Daga wata shida kuma ki nemi a koya miki awon damtse da ɗan maɗaurin nan mai launi uku, wanda ake ba iyaye mata su riƙe a gida: kore lafiya, rawaya a je a duba, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, a tafi a ranar.

Saura yadda za ki yi da tsohuwa, domin sanin gaskiya daban, zaman gida ɗaya daban. Kada ki dawo daga awo ki ce mata likita ya ce ba ta san kome ba. Ranar da kika faɗi haka kin rasa mai riƙe miki yaro, kuma za a ba shi ruwan a bayan idonki lokacin da kika shiga wanka. Ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba, ki ce Inna, ke kika fi ni fahimtar magana, ki zo ki ji da kunnenki. Ki bar ta ta riƙe jikanta a kan ma'auni, ki kuma sanar da ma'aikaciyar tun da wuri domin ta yi mata bayani cikin girmamawa. Idan akwai mai faɗakarwa ta unguwa, irin waɗanda ake kira rele, ko wata dattijuwa sa'arta da ta riga ta gamsu, maganarsu za ta fi taki shiga. Maigidanki ma nisa bai sauke masa nauyi ba. Abin da ya sa aka kafa makarantun mazaje, waɗanda suka faro daga jahar Damagaram kafin su bazu, shi ne an lura cewa maganar lafiyar iyali ba ta tafiya idan namiji ya zame. Ki kira shi ki yi masa bayani a natse, shi kuma ya kira mahaifiyarsa ya roƙe ta da bakinsa cewa a yi haƙuri da ruwa da bauri har wata biyun da suka rage su cika, wanzami kuma a bar shi. Ranar da yaron ya cika wata shida, ki tafasa ruwa ki bar shi ya huce, ki zuba a ƙaramin kofi mai tsabta, ki miƙa wa kakarsa ta zama ita ce ta fara ba shi.